Sabon magani yana da wuyar samu: mu riƙe na hannunmu da kyau

Duk shekara in gero ya fara fid da kai, gidan likita kan cika da yara masu zafin jiki. Haka abin yake a Maraɗi da Damagaram, haka yake a Tawa da Yamai. Lokacin da aikin gona ya fi yawa, lokacin ne zazzaɓin cizon sauro, wanda wasunmu ke ce wa masassara, yake kwantar da mutane. Uwa ta bar gona ta zauna jiyya. Maigida ya sayar da akuya ya sayi magani.

Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 wannan cuta ta kashe mutum wajen dubu 597 a duniya. Kusan dukkansu a Afirka suke, kuma mafi yawansu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. Ƙasashe huɗu ne suka ɗauki fiye da rabin wannan rashi, kuma Nijar tana cikinsu.

Muna da maganin da ke warkar da wannan cuta cikin kwana 3. Abin da muke son mu tattauna yau shi ne: daga ina wannan magani ya fito, yaya masana ke neman wanda zai gaje shi, kuma mene ne namu a cikin aikin. Ra'ayinmu shi ne, masana suna shekara goma ko fiye kafin su samo magani guda, amma mu masu sha muna iya lalata shi da hannunmu in ba mu kula ba.

Mu tuna da nivakin

Manyanmu ba su manta da nivakin ba. Ƙwaya ce fara mai ɗaci, mai araha, da ake samu a kowane ƙauye. Sunanta na asali kulorokin, kuma a ƙasar Jamus aka fara haɗa ta a shekarar 1934. Ta ceci rayuka masu yawan gaske.

Amma sannu a hankali sai ƙwayar cutar ta saba da ita. An fara ganin haka wajen ƙarshen shekarun 1950 a yankin Kambodiya da Tailan, can gabashin duniya, da kuma Kudancin Amurka. A shekarar 1978 matsalar ta iso gabashin Afirka. Cikin shekarun 1980 ta ƙaraso yammacin Afirka. Yaro ya sha nivakin, zazzaɓi ya ɗan lafa, bayan kwana kaɗan ya dawo da ƙarfi. Yara da yawa sun mutu alhali iyayensu sun ba su magani. A shekarar 2005 Nijar ta sauya tsari, ta koma ga sabon magani mai haɗi biyu, wanda ake ba mu a likita yanzu.

Manomi ya san irin wannan. In aka yi ta fesa wa wake maganin ƙwari iri ɗaya, kuma ana tsinka shi da ruwa fiye da kima, ƙwari masu rauni ne kawai ke mutuwa. Masu tauri su tsira, su hayayyafa. In shekaru suka tafi, sai a fesa su ƙi mutuwa. Ƙwayar cutar zazzaɓi ma haka take yi cikin jinin mutum.

Daga ganye aka samo maganin yau

Ƙarfin maganin da muke sha yanzu yana cikin wani sinadari mai suna atemisinin. Labarinsa ya faro ne daga ƙasar Sin. A shekarar 1967 hukumomin ƙasar suka tara masana, suka ce su nemo sabon maganin zazzaɓi, domin cutar tana kashe sojoji a yaƙin Biyetnam. A shekarar 1969 aka ɗora wa wata mata mai suna Tu Youyou jagorancin wani rukuni na masu binciken.

Ita da abokan aikinta sun bi tsofaffin littattafan magungunan gargajiya na ƙasarsu, sun kuma tambayi masu ba da magani. Suka tattara haɗi fiye da 2,000. Suka tatso ruwan itatuwa da ganyaye wajen 200, suna gwadawa a jikin ɓeraye masu cutar. Wani ganye, dangin tazargade, ya nuna alamar aiki, amma yau ya yi, gobe ya ƙi.

Sai ta koma ga wani littafi da aka rubuta shekara wajen 1,600 da suka wuce. Ta lura cewa mai littafin jiƙa ganyen yake yi, ba ya dafa shi. Daga nan ta gane cewa zafin wuta ne ke rage ƙarfin maganin. Sai ta tatse ganyen da wani ruwan sinadari wanda ke tafasa tun bai kai ɗumin jikin mutum ba. A watan Oktoba na 1971, a gwaji na 191, ƙwayar cutar ta mutu ƙaf a jikin ɓerayen. Kafin a ba marasa lafiya, ita da wasu abokan aikinta suka fara sha da kansu don su ga ko yana da illa. A shekarar 2015 aka ba ta kyautar Nobel, babbar kyautar da ake ba masana a duniya.

Mu dubi tsawon tafiyar. An fara nema a 1967, amma sai bayan shekara ta 2000 maganin ya bazu cikin Afirka. Fiye da shekara talatin ke nan.

Sababbin dabarun neman magani

Masana na yau suna da kayan aikin da Tu Youyou ba ta samu ba. Bari mu kawo dabaru uku.

Dabara ta farko ita ce tankaɗe da inji. Manyan gidajen bincike suna da rumbunan sinadarai iri-iri, miliyoyi. A da, mutum ne ke gwada su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Yanzu ana raya ƙwayar cutar cikin jini a ɗakin bincike, a zuba ta cikin faranti mai ƙananan ramuka ɗaruruwa. Inji ya ɗiga sinadari dabam a kowane rami, ya kuma duba ramin da cutar ta mutu. Cikin yini guda ana iya gwada dubbai. Kamar mace ce ke tankaɗe gari: mafi yawa ya wuce, ɗan kaɗan ya saura a rariya. Wannan ɗan kaɗan shi masana ke ɗauka su yi ta gyarawa, har ya zama yana kashe cuta ba ya cutar da mutum.

Dabara ta biyu ita ce sa yis ya yi aikin ganye. Yis shi ne abin da ke kumbura ƙullun burodi da fanke, kuma abu ne mai rai. Ganyen da ake tatsar atemisinin noma shi ake yi, a Sin da Biyetnam da Madagaska da gabashin Afirka. Kowa ya san halin noma: bana a samu, baɗi a rasa, farashi ya hau ya sauka. Don haka wasu masana a jami'ar Kalifoniya ta Amurka, ƙarƙashin Jay Keasling, suka ɗauko ɗan abin gado daga cikin ganyen suka dasa shi cikin yis. A shekarar 2006 suka bayyana cewa yis ɗin yana fid da sinadarin da ake juyawa ya zama atemisinin. A shekarar 2013 aka fara sarrafa shi a wata masana'anta a Italiya. Wannan bai kashe noman ganyen ba, amma ya nuna cewa akwai rijiya ta biyu in ta farko ta ƙafe.

Dabara ta uku ita ce aiki da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. Magani da ƙwayar cuta kamar makulli da kwaɗo ne. Jikin ƙwayar cuta yana da ƙananan sassa da ake kira furotin, kowane da siffarsa. Magani yana aiki ne in ya shiga ɗaya daga cikinsu daidai, ya hana shi motsi. Maƙerin da bai ga kwaɗo ba, da wuya ya ƙera makullinsa. A da, gano siffar furotin guda yana iya cin watanni ko shekaru. Yanzu akwai wata dabara ta kwamfuta mai suna AlphaFold da ke zana siffar cikin ɗan lokaci. A shekarar 2022 aka baje siffofi fiye da miliyan 200 kyauta ga duk mai bincike. A 2024 aka ba Demis Hassabis da John Jumper, waɗanda suka jagoranci aikin, kyautar Nobel tare da wani masani mai suna David Baker.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Waɗannan dabaru sun rage wahalar nema. Amma akwai matakin da inji ba ya iya tsallakewa, shi ne gwaji a jikin mutum. Da farko akan ba mutane kaɗan masu lafiya, a ga ko akwai illa. Sa'an nan a ba marasa lafiya ƴan ɗaruruwa, a gano adadin da ya dace. Daga ƙarshe a ba dubbai a ƙasashe dabam-dabam, a gwama shi da maganin da ake da shi. Doka ta ce ba a sa kowa cikin gwaji sai an yi masa bayani kuma ya yarda. Cikin magani goma da suka shiga wannan gwaji, kusan guda ɗaya ne ke kaiwa kasuwa.

Manomanmu sun san irin wannan haƙuri. Irin geron da cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, ke fitarwa, kamar HKP, sai da aka shuka shi damina bayan damina kafin a ba manoma.

Ga misali na kwanan nan. Kamfanin Novartis na ƙasar Suwis ya tankaɗe sinadarai fiye da miliyan 2 yana neman sabon maganin zazzaɓi. Daga cikinsu aka samo tushen wani magani mai suna ganafilasid, wanda hanyar aikinsa dabam take da ta atemisinin. An yi fiye da shekara goma ana gyara shi ana gwadawa. A gwajin ƙarshe an sa marasa lafiya 1,668 a ƙasashe 12 na Afirka. A watan Nuwamba na 2025 aka bayyana cewa ya warkar da fiye da 97 cikin 100. Bayan gwaji kuma akwai neman izinin hukumomi, da sarrafawa, da kawowa har ƙauyukanmu. Kowane mataki yana cin lokaci.

A shekarar 2025 ɗin kuma, cikin watan Yuli, hukumar magunguna ta Suwis ta amince da maganin zazzaɓi na farko da aka yi musamman don jarirai sababbin haihuwa masu nauyin kilo 2 zuwa 5. Wannan ya tuna mana cewa maganin babba ba na jariri ba ne, ko da an ɓantare shi.

Cutar ma ba ta zauna ba

Yayin da masana ke aiki, ƙwayar cutar ita ma tana canzawa. Wajen shekarar 2008 aka fara ba da labarin cewa a Kambodiya atemisinin yana jinkirin kashe ta. A 2014 masana suka gano ainihin wurin da ta canza a jikinta, abin da ya ba su damar gane ta cikin ɗigon jini. A 2020 aka tabbatar da irin wannan canji a Ruwanda, a 2021 a Yuganda, daga baya kuma a Eritiriya. Masana sun nuna cewa a Ruwanda da Yuganda canjin a can ya tsiro, ba daga Asiya ya zo ba. Ke nan yana iya tsirowa a duk inda ake wasa da magani.

Har yanzu maganin mai haɗi biyu yana warkarwa in an sha shi yadda ya kamata. Dalilin haɗa magani biyu cikin ƙwaya ɗaya shi ne, na farko ya kashe mafi yawan cutar da sauri, na biyu ya daɗe cikin jini ya share sauran. A Yamai, cibiyar bincike ta CERMES tana cikin masu bin diddigin ƙwayar cutar a ƙasarmu. Amma Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Masu cewa ai ganye ne

Wani zai ce, tun da daga ganye aka samo maganin, me zai hana mu jiƙa tazargade mu sha, mu huta da tafiya likita? Tambaya ce mai ma'ana, kuma ba mu raina ilimin kakanninmu. Ko kinin, wanda aka daɗe ana yi wa mai zazzaɓi mai tsanani allurarsa, daga ɓawon wani itace na Kudancin Amurka masana biyu na Faransa suka tatso shi a shekarar 1820.

Amma akwai abu biyu. Na farko, dangin tazargade suna da yawa, kuma ba kowane ke ɗauke da atemisinin mai yawa ba. Na biyu, ko ganyen na ainihi ne, ƙarfinsa yana bambanta bisa ga ƙasar da aka shuka shi, da lokacin da aka yanke, da yadda aka shanya. Mai jiƙo bai san adadin da ya sha ba. In adadin ya yi kaɗan, zafin jiki na iya sauka alhali cutar tana nan, tana kuma koyon jure maganin. Shi ya sa OMS ba ta yarda a riƙa maganin zazzaɓi da jiƙon wannan ganye ba.

Darasin Tu Youyou shi ne, ta girmama ilimin gargajiya, sa'an nan ta auna shi, ta gwada shi sau ɗari da casa'in da ɗaya. Muna fata masu maganin gargajiya na ƙasarmu da masana na jami'o'inmu su zauna tare a kan wannan hanya. Wa ya san abin da ke cikin itatuwan dajinmu?

Abin da ke wuyanmu

Ba mu da injin tankaɗe sinadarai a ƙauye. Amma ran magani yana hannun mai sha. Ga abubuwa shida da kowane gida zai iya.

Na ɗaya, a gwada jini kafin a sha. Ba kowane zafin jiki ne na cizon sauro ba. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa, kuma cikin minti 15 zuwa 20 an ga sakamako.

Na biyu, a shanye magani duka. Maganin da aka fi ba mu, na Coartem da ire-irensa, ana shan sa sau 6 cikin kwana 3. Sau da yawa yaro kan tashi ya yi wasa a rana ta biyu, sai a ajiye sauran don wani ciwon. Wannan ajiya ita ce babbar ɓarna, domin ƙwayoyin cutar da suka fi tauri su ne suka saura cikin jininsa.

Na uku, kada a raba maganin mutum ɗaya ga mutum biyu. Da nauyin jiki ake auna shi. Ƙaramin yaro ƙwaya ɗaya yake sha a kowane lokaci, babban mutum kuwa huɗu.

Na huɗu, a sha shi da abinci mai maiƙo ko da nono. Fura da nono ta isa, jariri kuma a ba shi mama. Maiƙo ne ke taimaka wa maganin ya shiga jini. In yaro ya amayar da shi nan take, a koma wa ma'aikacin lafiya.

Na biyar, mu guji maganin da ake talla a faranti ko a kan tebur cikin rana. Zafi yana rage ƙarfin magani, wani kuma tun asali jabu ne. A shekarar 2017 OMS ta ce a ƙasashe masu tasowa, magani ɗaya cikin goma jabu ne ko maras inganci. Mu a Nijar mun ɗanɗana: a annobar sanƙarau ta 1995, mutum fiye da dubu 50 aka yi wa allurar rigakafi ta jabu. Araha ba ta ado.

Na shida, mu riƙe rigakafi. Tun shekarar 2013 aka fara ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafi kowane wata cikin damina a ƙasarmu. Na kwana 3 ne: ma'aikaci ya ba da na farko, uwa ta ba da na rana ta biyu da ta uku. A 2024 kuma Nijar ta fara yi wa yara allurar rigakafin zazzaɓi. A haɗa da kwana cikin gidan sauro. Duk yaron da bai kamu ba, ya rage wa magani aiki.

Akwai alamomin da ba a jira da su: yaro ya yi fizge-fizge, ko ya kasa shan mama, ko ya yi ta amai, ko ya kasa farkawa sosai. In an ga haka a kai shi likita nan da nan, ko da tsakar dare ne.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Mun san ba da gangan kowa ke zuwa wurin mai tebur ba. Wani ƙauyen yana nesa da likita, hanya kuma takan yanke da damina. Wani ya yi tafiyar, ya tarar magani ya ƙare. Uwar da ke da yara uku kwance da kuɗin magani ɗaya, ba wanda zai zarge ta da sauƙi. Saboda haka kiranmu ya haɗa da hukumomi. Tun shekarar 2006 ƙasarmu ta ɗauki alkawarin kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Muna roƙon a cika ɗakunan shan magani na ƙauyuka da magani da kayan gwajin jini tun kafin ruwan farko. A ƙarfafa ɗakin binciken ingancin magani na ƙasa, LANSPEX, da masu tsaron iyakoki. A tallafa wa ƴaƴanmu masu karatun haɗa magunguna, don kada mu zauna kullum muna jiran na waje.

Mu kuma da muka shiga yaƙi da jahilci, muna da abin da maƙwabcinmu bai samu ba tukuna. Muna iya karanta ranar lalacewar magani a jikin kwali. Muna iya rubuta lokacin sha a takarda, mu sa alama duk sa'ad da yaro ya sha. Mu karanta wa na gida wannan shafi, mu kai maganar dandali da wurin suna da taron ƙungiya. Mun rasa nivakin, Allah ya kawo mana madadinsa bayan shekaru masu wuya. Mu kiyaye wanda ke hannunmu har magajinsa ya iso.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.